Rigar Taya

Amriguébé, N'Djamena

Ɗana Abdurrahim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da harkar kasuwa a Kano. Mu nan lafiya, sai ruwan sama da ya mai da layinmu taɓo.

Na zaɓi takarda ne don a waya kana katse ni. Maganar ƙanenka Junaid ce. Wata ƙungiya ta ba naƙasassu da iyayensu horo a unguwar Chagoua, kan yadda mutum zai nemi haƙƙinsa da bakinsa. Na raka shi ina mita, don ban yarda da taron shan lemo da tafi ba. Amma na ji abu ɗaya mai amfani: kada ka je gaban manya da kuka kaɗai, ka je da mafita. Aka ce kowa ya faɗi ƙofar da aka rufe masa. Wasu suka ce makaranta, wasu suka ce ofis. Junaid ya ce masallacin unguwarmu.

Ka sani, tun da cutar shan inna ta zaunar da shi a bakin ƙofa yake salla, cikin takalman mutane, wai tayoyin kekensa na ɗauke da najasa. Yanzu sahu yake so.

Shi ya auna tayoyin, ni na ɗinka musu riga da farin yadi mai kauri, na sa roba a baki. A ƙofa za a sa, a ƙofa a cire. Ranar Juma'a zai kai wa kwamitin masallaci. Kawunku Dawuda ne shugaba, kuma tun da ka aiko musu da sabbin dardumai yake jin maganarka fiye da tawa, ni da muka sha nono ɗaya. Ka kira shi. Ba roƙonka nake yi ba.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Ummukulthum

Amriguébé, N'Djamena

Abdurrahim,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Uwa ba ta fasa tambayar wannan, ko me aka yi mata.

Na ji ka kira kawunku. Malam Zakariyya ladan ya ba ni labarin komai.

Ƙanenka ya yi magana da Hausa, ya maimaita da Larabci. Ya sa wa tayoyin riga a gabansu. Liman ya shafa yadin ya ce shi bai ga laifi ba. Kawunku ya ce keke zai karya sahu. Junaid ya ce a ba shi ƙarshen sahu, jikin bango. Wannan kawun naku, tun da gwiwa ta kama shi, kan kujerar roba yake salla a sahun farko, ba wanda ya taɓa leƙa ƙafafunta.

Da hujja ta ƙare masa, sai ya fito da kai. Ya ce mai dardumai da kansa ya bugo waya, ya ce 'yan ƙungiya sun hure wa yaro kunne, a rabu da shi kada ya zubar wa gida mutunci. A gaban jama'a Junaid ya ji wannan. Kai da ka goya shi zuwa makarantar allo! Wane mutunci ne ya rage wa gidan da ɗansa ke sujada kusa da silifa?

Junaid ya daina zuwa masallacinmu. Yanzu unguwar Ambassatna yake tura kekensa cikin taɓo, zuwa wani ƙaramin masallaci kusa da teburinsa na gyaran waya. Mutanen da ba su san ubansa ba ne suke ɗaga shi kan matakala, ba su nemi riga ba. Abokan horonsa sun zaɓe shi jagora, yana raka wasu zuwa nasu ƙofofin. Bai zage ka ba. Sunanka ne kawai ba ya faɗi, shaddar da ka aiko masa kuma tana nan a ledarta.

Na ba Haladu direba ƙunshi tare da takardar nan. Rigunan ne, farare tas, ba su taɓa darduma ba. Ka adana su da kyau. Kawunku ma da ƙafafunsa ya fara, kai ma ba ka san gobenka ba.

Allah ya shirye ka.

Mahaifiyar Junaid,
Ummukulthum