Kiran asibitin Inna

Assalamu alaikum, Yaya Habu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Ya Binta da yara? Mu nan sai godiya, muna ta fama da noma.

Maganar aikin idon Inna ce. Asibiti sun ce mu koma gida, za su kira idan layi ya zo kanta. To wayar nan tawa ba ta hutawa. Yau mai tallan magani, gobe wani ya ce na ci kyauta, in turo lambar banki. Ko salla nake tana ruri. Da na gaji, ranar kasuwar Zakirai na kai wa mai gyaran waya, ya toshe duk lambar da ban ajiye ba.

Da shiru ya yi yawa, na hau mota zuwa Kano. Ma'aikaciyar ta ce, "Baiwar Allah, mun yi ta kira ba ya shiga. An ba wani gurbin." Na roƙi lambarsu in ajiye, ta ce kowane ma'aikaci da tasa wayar yake kira.

Da na gaya wa Inna, cewa ta yi, "Allah bai yi ba tukuna." Ta lalubi bango ta shige ɗaki.

Yanzu an buɗe wayar. Duk wanda ya kira sai na yar da fartanya na ɗauka, ko ɗan damfara ne na amsa masa sallama. Wallahi na gaji, Yaya.

Ka sa mu a addu'a, Allah ya sa su sake kira. Ka gaishe da mutanen gidan, Inna ma tana gaishe ku.

Ƙanwarka,
Rabi