Jan Mazarin Yaya

Litinin, 2 ga Satumba
Yaya ya sake ƙin abinci. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya juya wa bango fuska, ya bar mu da ƙeya. Matarsa ta kai cokali, ya datse haƙora. Likita ya ce jiki zai iya farfaɗowa, amma babu allurar da ke sa mutum son rayuwa. Ni da nake sayar wa mai ido lafiya lau tabarau ya tafi yana godiya, yau na kasa sa Yaya ya karɓi cokali ɗaya.

Talata, 3 ga Satumba
Na yi ciniki da shi. Bangon ɗakinsa duk hotunan mazari ne, ƙwarin nan masu fiffike huɗu da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bi a tafkunan kan dutse, mu kuwa muna yi masa dariya. Na ce, "Yaya, wanne ne ba ka taɓa samu ba?" Da ƙyar ya ce, "Ja." Na ce in na kawo fa, za ka ci? Ya lumshe ido. A kasuwa wannan sallamawa ce. Na saɓi kyamararsa.

Alhamis, 5 ga Satumba
Dutsen nan ba na mai tumbi ba ne. Amma ga su nan kan ruwa, shuɗi, kore, har da jan, kamar barkono ya yi fiffike. Na bi shi yadda nake bin mai saye, sai ga ni cikin taɓo har gwiwa. Abin da na ɗauko: ruwa, ciyawa, babban yatsana.

Asabar, 7 ga Satumba
Ruwa kawai Yaya ya sha. Agogonsa na zamewa daga hannu. Ya Allah.

Lahadi, 8 ga Satumba
Na tsinci wani ja matacce a bakin tafki. Ga gam ɗin gyaran tabarau a aljihu. Na manna shi kan kara, na ɗauka. Ya fito tas. Wa zai sani?

Litinin, 9 ga Satumba
Ya sani. Kallo ɗaya. "Ƙafafunsa a naɗe, ido ya dushe. Gawa ka kawo mini, Auta? Don ka ga na kusa?" Matarsa ta fita tana kuka. Da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Sai kuma ya ci gaba, baki a karkace, yawu na zuba. "Jaki, ba a bin mazari. Kafa sanda a bakin ruwa ka zauna. In ya tashi, nan zai dawo. Kar inuwarka ta faɗa kansa." Rabon da ya yi doguwar magana haka tun kafin ciwon. Faɗa ya busar masa da maƙogwaro, ya nemi shayi. Ya shanye.

Alhamis, 12 ga Satumba
Na kafa sanda. Zama ba motsi, ba magana, ni! Ƙafa ta sage, sauro ya yi biki. Maƙwabcina mai gyaran agogo ya ga shago a rufe, wai ko aljana ce ta aure ni a dutsen. Hoton ya fito dishi-dishi. Yaya ya wanke ni tas, yana zagin yana gutsurar burodi.

Asabar, 14 ga Satumba
Zazzaɓi. Ko hoton bai duba ba. Matarsa ta ce, "Auta, in ya tafi fa?" Na ce ta share hawayen nan. Na zagaya bayan ɗaki na yi abin da na hana ta.

Talata, 17 ga Satumba
Zazzaɓin ya sauka. Ni kuma na samu! Da sanyin safiya jan ya sauka kan sandata, rana ta ratsa fiffiken, har jijiyoyin ana gani a hoton. Na gangaro kamar zan tashi sama, sai a ƙofar gida na ja birki. In na ba shi wannan, ciniki ya ƙare. Gobe wa zai zaga? Ɗan kasuwa ba ya fito da na ƙasan akwati tun mai saye bai gama zama ba. Na tura shi wayata, na goge a kyamara, na nuna masa wanda wutsiya ta yanke. Ya ce ni asarar kyamara ne. Ya ci shinkafa da hannunsa mai lafiyar.

Lahadi, 22 ga Satumba
Yau ya ce a zaunar da shi. Wai ƙafa na dawowa zai hau da kansa ya koya wa jaki aiki. Matarsa ta dube ni ta kau da kai. Ina jin ta gano ni.

Da yamma na koma dutsen, don in samo masa wani mummuna ne kawai, ba wani abu ba. Jan ya bar sanda ya sauka kan gwiwata. Mun daɗe a haka. Sai da ya tashi na tuna kyamara na cikin jaka.

Gobe ma shago ya huta. Dama kasuwa ba ta ci kwanan nan.