Bulala Shida A Ajingi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata ta fari da ke aure a Lokoja. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ina kuma fatan kina tsayar da su a kan salla da karatu, ba latse-latsen waya ba.

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki. Shekara talatin da biyar ina riƙe da alli, daga Kademi zuwa Ajingi, har na dawo Gaya ina shugabar makaranta. Malamai sun shirya min walimar bankwana. Kin san yadda ake yi: za a miƙo min lasifika in ce duk wanda na saɓa wa ya yafe min, jama'a su amsa baki ɗaya cewa sun yafe, a ci shinkafa a watse. Tun da aka sa ranar gabana yake faɗuwa, domin wadda na fi zalunta ba ta cikin masu amsawa.

A fili na sa wasiƙar nan, na san mutane za su karanta. Su karanta. A gaban mutane na yi miki abin da na yi.

Kin tuna ajinmu na biyar a Ajingi? Ke 'yar fari ce, kunya ta hana ni faɗin sunanki ko a gida. In ina kiran suna da safe, idan na zo kanki sai in ɗaga kai in gan ki, in sa alama in wuce. Yara suna dariya, ke kina sunkuyar da kai. Ni kuwa ina ganin tarbiyya nake yi.

A shekarar ne wata yarinya ta ce ke kika yaga mata littafin lissafi. Ban tambaye ki komai ba. Tsorona kada a ce Malama tana fifita 'yarta. Na fito da ke gaban asambili na yi miki bulala shida, alhali uku nake yi wa kowa. Ba ki yi kuka ba, kallona kawai kika yi.

Kwana biyu bayan nan uwar yarinyar ta tare ni a kasuwa tana dariya, ta ce ashe akuyarsu ce ta cinye littafin. Na dawo gida na tarar kina surfe, na ce ki yi sauri magariba ta gabato. Iyakar abin da na ce ke nan.

Babanki, Allah ya jiƙansa, ya sha ce min, "Malama, ki riƙa barin bulalar a makaranta." Ban ji ba.

Har yau ba ki taɓa yi min rashin kunya ba. Duk Juma'a kina kira, ki gaishe ni da "Malama", ki tambayi jiki, ki ajiye. Ƙannenki suna ce min Umma. A da aiki yana hana ni jin zafin wannan, don da safe akwai yara da malaman da zan tsawatar wa. Daga wata mai zuwa sai ni da tsakar gida.

Hajiyar da na gaji kujerarta ba ta shekara ba bayan ritaya ta rasu. Ni ma ga hawan jini. Ina tsoron in tsaya gaban Allah da haƙƙinki a wuyana, bayan na ƙare rayuwata ina koya wa 'ya'yan mutane cewa haƙƙi ba ya faɗuwa.

Ba umarni nake ba ki ba, karon farko ke nan. Roƙo nake yi, 'yata. Ba ki yaga littafin nan ba, na sani tun a makon, girman kai ya rufe min baki. Kada ki ce kin yafe don ladabi, na san za ki iya. In zuciyarki ba ta sauko ba tukuna, ki faɗa min gaskiya, zan jira iya kwanakin da Allah ya bar min.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki 'ya'ya masu jin ƙai, ya sa ki fi ni taushin hannu a kansu. Ya Allah, kada ka ɗauke ni sai yarinyar nan ta sauke min wannan nauyi. Amin.

Wassalam,
Mahaifiyarki, daga Gaya.