Lamba Ta Biyu Da Alhaji Bai Nuna Mini Ba

Zuwa ga maigidana, Baban Hafsat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda mace ke yi wa mijinta, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima. Na san takarda ba ta zuwa inda kake, amma shekara ashirin da uku na saba, in abu ya tsaya mini a wuya kai nake fara gaya wa. Masu karantawa ta bayanka su karanta, ba abin da zan ɓoye.

Maganar motarka ce.

Tun ranar da aka kai ka tana nan inda ka ajiye ta, ƙarƙashin babbar bishiyar gefen gida mai zubar da ƙwallaye. Wata huɗu da kwana goma ina takaba, ko ƙofarta ban taɓa ba. In Hafsat ta zo daga makaranta takan tayar da ita ta kashe don kada batir ya mutu, shi ke nan.

Ranar da na koma aiki a kicin ɗin gidan tsofaffi, na ɗauke ta. Ban yi nisa ba fitilar gargaɗin nan rawaya ta kunna. Allurar gudu ta kwanta a sifili, giya ta ƙi canzawa, mota sai gurnani take yi kamar mai naƙuda. Na lallaɓa na dawo da ita gida. Na koma hawa bas biyu, ina canzawa a tashar cikin gari. Sau biyu na makara, shugabar kicin ta ce in na ƙara na uku sai dai a nemi wata. Ka san aikin nan shi kaɗai ya rage mana.

Wa zan kira in ba Alhaji Ɗanjuma ba? Amininka, mai sayen motoci a nan ƙasar waje yana turawa gida a jirgin ruwa. Shi ya yi maka wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe ka.

Ya zo bayan la'asar. Na yi yadda aka koya mana: na miƙa masa makulli daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa, na koma ciki na bar shi da motar. Matar da ta fita takaba jiya ba ta tsayawa a kan babban mutum tana leƙen hannunsa. Ya daɗe a ƙarƙashin bonet. Da ya dawo sai ya ɗago mini na'urarsa ta gano ciwon mota daga nesa, na ga P0700.

Ban manta ko kalma ɗaya ba. Ya ce, “Maman Hafsat, sai haƙuri. Bakwai ɗin nan giya ce, giya kuwa in ta mutu mota ta mutu. Saboda marigayi zan ɗauke miki wahalar, in saye ta in ba ki ɗan abin da ya sauƙaƙa. Asabar zan zo da janwe.”

Na yi masa godiya, Baban Hafsat. Har addu'a na yi masa, na ce Allah Ya bar zumunci. Duk lokacin da na tuna wannan addu'ar sai in ji bakina ya yi ɗaci. Bayan tafiyarsa na ga tulin busassun ganye da ɓawon ƙwallaye kusa da tayar gaba, na ɗauki tsintsiya na share, ban kawo komai a raina ba.

Ranar Juma'a da safe na shiga kwashe kayanka daga ciki. Carbinka, tsohuwar hularka, man shafawar nan da kake ɓoye wa Hafsat. A aljihun gaban motar na tarar da 'yar na'urarka mai igiya, irin ta Alhaji.

Ka tuna yadda kake damuna da ita duk ran Asabar? “Rabi, zo ki ji abin da take cewa.” Ni kuma in ce miyata tana kan wuta. Duk da haka sai ka biyo ni har kicin da hannu duk baƙin mai. “P ɗin nan inji da giya ke nan. In kin ga uku bayan sifili, wuta ce ba ta kamawa daidai a inji. In bakwai ne, giya ke magana.” Ina yanka albasa, ina cewa to, to, don ka tafi. Ashe yana shiga kaina.

Akwai wadda ka fi maimaitawa: “Lamba ba takardar mutuwa ba ce. Yaro ne ya ce cikina. Sai an duba a san ko tsutsa ce ko yunwa.”

Na durƙusa na laluba ƙarƙashin sitiyari har na sami ramin da ake soka igiyar. Na soka, na murɗa makulli. P0700 ta fito, kamar yadda Alhaji ya nuna. Amma a kusurwa akwai ƙaramin rubutu: ɗaya cikin biyu. Ajina uku na sakandare aka cire ni, amma na san in an ce biyu, akwai wata. Na danna. P0722.

Na rubuta su a bayan ambulan na tsallaka gidan Miss Loretta. Ka san ta, tsohuwar nan da ta yi ritaya daga gyaran bas ɗin 'yan makaranta, wadda kuke musun man inji ta kan shinge. Ta saka gilashinta ta yi mini bayani a hankali, don ta san Turancina bai da ƙarfi. Ta ce lamba ta farko 'yar aike ce kawai, cewa take yi kwamfutar giya tana da ƙorafi, a je a tambaye ta. Ta biyu ita ce ƙorafin: akwai wata 'yar sensa mai ƙirga gudun mota, an daina jin ta. Ko ita ce ta lalace, ko wayarta, ko kuma giyar kanta, amma mai hankali da mai araha yake farawa. Ta ce duk wanda ya karanta ta farko ya tsaya, ko bai san aikin ba, ko ya san shi ƙwarai.

Ta zo da tocila ta zura kai can ƙasan inji. Ba a yi minti biyar ba ta kira ni. Waya ce, siririya kamar tsinken tsire, kurege ya gwaguye ta biyu. A lungun akwai ragowar ganye. Ta ce sheƙa ce aka yi a nan, amma wani ya riga ya kwashe ta, ya kuma tura bakin wayar can baya inda ido ba ya kaiwa.

Sai na tuna abin da na share da tsintsiyata.

Kuregen ban ga laifinsa ba. Sanyi ya ji, ya ga ɗakin da ba kowa, ya shiga. Amma Alhaji? Hannun da ya zuba maka ruwa na ƙarshe, shi ya kwashe ganyen nan, ya ga wayar, ya ɓoye ta, ya goge tafi, ya zo ƙofata yana “saboda marigayi.” Da sunanka ya yi ciniki. Tuwon gidan nan nawa ya ci? Ya lissafa cewa ba zan ɗaga kai ba, ba zan tambaya ba, ba zan iya karanta lamba huɗu da harafi ɗaya ba. Kunyar da na ji masa ita ya mayar makami. Ranar ko abinci ban iya ci ba, ƙyama ta hana ni.

Miss Loretta ta yanke wurin da aka ci, ta haɗa sabuwa, ta naɗe. Sai bayan nan ta ce in goge lambobin, na tuna kana cewa, “Goge lamba ba gyara ba ne, rufe wa mara lafiya baki ne.” Muka hau titi. Allura ta tashi. Na ji giya ta shiga ta biyu, ta uku, lafiya lau, yadda take yi a hannunka. Sai da na tsaya gefe na share ido.

Asabar da hantsi Alhaji ya iso da janwensa, cikin farar shadda.

Ba a raine ni in zagi babba ba, kuma ba zan fara a kansa ba. Kular da Hajiyarsa ta kawo mana abinci lokacin zaman makoki tana nan wurina. Na wanke ta tas. Na saka guntuwar wayar a ciki, da ɓawon ƙwallaye, da ambulan mai lamba ta biyu a sama. Na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi iyali, sannan na miƙa da hannu biyu. Na ce ba a mayar da kwano haka nan, amma ya buɗe a nan, don Hajiya ba ruwanta.

Ya buɗe. Ya duba abin da ke ciki. Sai ya ce, “Ai kin san na'ura takan yi kuskure.”

A karon farko na dube shi ido cikin ido. Na ce haka ne, Alhaji, don Allah a matsar da janwen, zan fita aiki.

Ban makara ba ranar, ban kuma ƙara makara ba.

Abu ɗaya zan roƙe ka ka yafe mini. Na matsar da kujerarka gaba. Da farko na bar ta yadda ka bar ta, ina miƙa ƙafa da ƙyar, don kada in ɓata wurin zamanka. Yanzu na gane ba za ka so haka ba. Hularka tana nan a aljihun gaba tare da na'urar. Motar kuma na daina ajiye ta ƙarƙashin bishiyar.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka da alheri a kan kowace kalma da ka biyo ni da ita kicin ina cewa to, to, don ka tafi. Alhaji kuwa, na bar shi da Wanda ba a ɓoye wa waya a bayan inji.

Taka har mu sadu,
Rabi, Maman Hafsat
Greensboro