Biron Ladi Ya Tafi Japan

Alhamis da dare, unguwar Kado

Ƙafafuna zugi suke yi, barci kuma ya ƙi zuwa. Yau baƙin nan na Japan suka sa hannu a yarjejeniya a ma'aikatarmu: mu ba su ɗanyen mai da gas, su kawo mana injinan wuta. Ni nawa jera kujeru da tutoci ne, sai gwada alƙaluman sa hannu. Wallahi sau uku na gwada su. Amma da shugaban tawagarsu ya ɗora nasa a takarda, sai ya ƙi rubutu. Oga ya yi mini wani kallo, na ce shi ke nan, aikina ya tafi. Ban san lokacin da na zaro biron aljihuna na miƙa ba, wanda 'yata Ladi ta tattaune wa murfi jiya tana aikin makaranta da tocila.

Dattijon ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna, ya sa hannu. Aka tafa. Sai ya soke shi a aljihun kwat, da mantuwa ko da gangan, oho.

Yanzu biron yana can sama cikin jirgi. Ina ta hango shi cikin garin da aka ce darensa kamar rana, da shatin haƙoran 'yata a jiki. Shekara tara ina jera wa matafiya kujeru, ga biro ya riga ni hawa jirgi.

Ɗazu Ladi ta ce, "Baba, ina birona?"

Na ce ya tafi Japan ɗauko mana wuta.

Ta ɗaga kai ta kalli mataccen ƙwan lantarkin ɗakinmu, ta ce, "To, yaushe zai dawo? Litinin muke fara jarrabawa."