Wa Zai Sallami Gayyar da Kuke Kira?

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar ci gaban yankinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan waɗanda Allah ya ɗora maka nauyinsu. Ina gaishe ka da ɗawainiya, ina gaishe ka da haƙurin wannan zamani.

Ni ce Malama Asabe, wadda ta koyar da tarihi a nan Talata Mafara har tsufa ya sallame ta. Ka zauna a ajina, Alhaji. Ban tuna maka wannan don in rage maka girma ba. Kujerar da kake kai ta jama'a ce, ina kuma girmama ta. Na tuna maka ne don ka san wadda aka hana magana a taron makon jiya ba ta zo kallo ba.

A taron ka kawo shawara biyu. Ta farko, mu haɗa murya mu roƙi sojojin Amurka su zo su raba mu da 'yan bindiga. Ka ce gayya ce za mu kira. Ta biyu, a umarci mutanen rugage da ƙananan ƙauyuka su taso su dawo gari, wanda duk ya rage a daji ya zaɓi ɓangarensa. Na ɗaga hannu har kafaɗata ta gaji. Wani daga bayan zaure ya ce wai Malama ta huta, tarihi ba ya korar mai bindiga. Aka yi dariya, kai ma ka murmusa, ka sa aka rufe taro da addu'a. Abin da aka hana ni faɗa a zaure, ga shi a bainar jama'a.

Na ɗaya. Ba na kare ɓarayi. Gonata ta Dakko, wadda na saya da gumina, ban gada ba, ba a kuma ba ni ba, yanzu ciyawa ce da sabara. Na yi zaman makoki a Bakura da Birnin Tudu fiye da yadda nake son tunawa. Wanda ya ce a kira ko wane ne, muddin za a samu barci, na san inda ke yi masa ciwo, domin ni ma nan ke yi mini.

Na biyu. Kalmar gayya ce ta tsorata ni, domin na ga yadda ta kwantar wa mutane da hankali. Kai ɗan manomi ne. Ka san mai gona ne ke kiran gayya. Shi ke nuna iyaka, ya ce daga wannan kunya zuwa wancan gawo. Shi ke ba da fura. Waɗanda suka zo maƙwabtansa ne, sun san gero da ciyawa, sun kuma san gobe shi ma zai ɗauki fartanya ya je tasu gonar. In rana ta yi sanyi ya yi musu godiya ya sallame su, kowa ya nufi gida. Ina tambayarka, Alhaji, a cikin wannan gayyar taka wa ke nuna iyaka? Da me za mu rama? In aiki ya ƙare, wane ne a cikinmu yake da bakin da zai ce musu an gode, a sauka lafiya?

Na uku. Ga darasin da aka yi wa dariya. Akwai tsibirai a gabas mai nisa da ake kira Filifin. Turawan Sifen sun mulke su sama da shekara ɗari uku, har mutanen ƙasar suka tashi neman 'yanci. A shekarar 1898 Amurka ta shiga yaƙi da Sifen, jiragen ruwanta suka iso, 'yan ƙasa suka ɗauka mataimaki ne ya zo. 'Yan ƙasar ne suka yi gumurzu a tudu, suka kewaye babban birnin. Ranar da birnin ya faɗi, ga Amurka aka miƙa shi, aka tare mayaƙan ƙasar a bakin gari aka hana su shiga. Daga nan Sifen da Amurka suka zauna a Turai, babu ɗan Filifin a wurin, aka sayar da tsibiran da mutanen da ke cikinsu. Wato ɗan gayya ya sayi gonar daga hannun wanda aka kira shi ya kora. Da shekara ta zagayo, bindigar mai taimako ta juyo kan mai gona. Ba su samu ƙasarsu ba sai a 1946. Daga wannan yaƙi ne Amurka ta fara riƙe ƙasashe a hayin teku.

Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne yadda aka yi yaƙin a karkara. A wasu larduna an umarci ƙauyawa su tattara su koma cikin gari kafin wa'adi, wanda duk aka samu a waje maƙiyi ne. Aka ƙone rumbuna, aka kashe dabbobi. Waɗanda suka bi umarni, yunwa da cuta suka cinye da yawansu a inda aka cunkushe su. Waɗanda suka ƙi miƙa wuya aka laƙaba musu sunan 'yan fashi. Shawararka ta biyu ke nan, Alhaji. Na san ba daga littafi ka ɗauko ta ba, wannan ne ma ya ƙara mini tsoro: mu da kanmu muke tsara wa baƙo abin da can sai da ya tilasta.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin wannan takarda. Mahaifiyarmu Bafulatana ce. Ƙanwata Hajjo, uwa ɗaya uba ɗaya, tana zaune a ruga bayan garin Tsibiri, a ƙasar Maradun, tun aurenta. Mijinta ya rasu. Ɓarayin nan da kuke magana sun kore mata mafi yawan shanu, sauran su ne abincinta da na jikokinta. Na aika mata da abin da aka faɗa a taro. Amsar da ta aiko ita ce, ta gaishe ni, ta kuma tambaya ko cikin ɗakina za ta ɗaure shanun, ko kuwa Alhaji ya tanadi makiyaya a bayan kasuwa. Ta ce ba ta tashi. Na san ta. Jini ɗaya ne, ba za ta tashi ba.

To, wanda ke leƙo daji daga sama, me zai gani? Bukkoki, shanu, hayaƙi, wataƙila da babur a jingine. Haka sansanin ɓarayi yake, haka rugar Hajjo take. Ɗan Maradun ya san bambancin. Baƙon da bai san sunan ko itace ɗaya a dajin nan ba, bai sani ba, zai dogara ne da abin da kuka gaya masa. Ku kuwa kun riga kun ce babu kowa a daji sai maƙiyi. Kullum na ji rugugin jirgi, sai in tsinci kaina tsaye a tsakar gida ina kallon wajen Tsibiri.

Don haka ina roƙo. Ka janye maganar cewa wanda ya rage a daji ya zaɓi ɓangare, ka janye ta a bainar jama'a kamar yadda ka faɗe ta. Ka sake kiran taro, a gayyato ardo-ardo da masu unguwannin ƙauyuka, a kuma bar mata su yi magana. Kada ƙungiya ta yi kira da sunanmu sai ka iya gaya mana wa zai sallami waɗanda ake kira. In ba ka da amsa, ka daina ce mata gayya, ka bar mutane su ji tsoron da ya kamata su ji.

Ba izini nake nema ba, sanar da kai nake yi. Ranar kasuwa mai zuwa zan hau mota zuwa Maradun, daga nan in ƙarasa wurin Hajjo. Na tsufa, ina kuma tsoron hanyar. Amma can zan zauna har sai ka janye maganarka. Duk ranar da baƙo ya shimfiɗa maka taswira ya tambaye ka ko da sauran mutane a bayan Tsibiri, ka dubi wurin da kyau kafin ka amsa. Malamarka tana ciki.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka da iyalinka, ya sa ka gama lafiya da amanar da ke wuyanka. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa ba tare da mun musanya ta da wadda ta fi ta ba.

Wassalam.

Malama Asabe,
tsohuwar malamar tarihi, Talata Mafara.