Kada Bala ya kore su

Zuwa ga Kawu Jatau, Filinge.

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna Tanne da mutanen gida duka. Yaya gero bana? An ce ruwa ya yi jinkiri wajen Bonkuku.

Ni lafiyata lau, abinci ma na fara sabawa da shi. Sai dai, Kawu, ciwon gwiwar da na ce maka ina yi, ƙarya ce. Ƙafata lafiya lau take. Wasa tara na buga ban ci ƙwallo ko ɗaya ba, shi ya sa mai horarwa ya zaunar da ni. In na taɓa ƙwallo, 'yan kallo sai su riƙa kiran kuɗin da aka saye ni, suna fito. Shekarata goma sha tara, ba ni na yanka wa kaina farashi ba, amma wa zan gaya wa?

Abin da ke cina shi ne, na tuna kaina a gidan kallon Bala. Duk sabon ɗan wasa mai tsada, wasa biyu nake ba shi, in miƙe gaban tele in ce kuɗi sun tafi banza, samari na dariya.

Na ji Bala yana korar duk wanda ya zage ni. Ka yi masa godiya, ka ce ya bar su. Ni na koya musu.

Ka roƙa mini Inna ta sa ni a addu'a.

Ɗanka,
Ɗandije